Rumman ɗin da Baba Ya Dasa a Kan Dutse

Sanyi ya shigo Makka, wata kuma ya kusa cika, ni kuwa irin wannan lokaci bakina ba ya iya shiru. Jikokina sun san halin. Da sun ga na fara leƙa taga ina duban sama sai su kalli juna suna ƙunshe dariya, wai Sitti za ta fara. Su yi ta yi. Yaran da aka haifa a hawa na uku a Ka'akiyya, ƙafarsu ba ta san dutse ba, kansu bai san nauyin garwa ba, me suka sani? Suna buɗe firij su ɗauko kankana a tsakiyar sanyi, lemo a tsakiyar zafi, komai a kwali, komai da 'yar takarda manne a jikinsa. Na taɓa tambayar ƙaramarsu daga ina rumman yake fitowa, ta amsa min da Larabcinta wai daga halaga, kasuwar kayan marmarin nan ta bayan gidanmu. Ban ga laifinta ba. Makon jiya babban yayanta ya bi da ni a mota ta tsohuwar unguwarmu, na ce ya tsaya in nuna masa inda aka haife ni, sai na rasa inda zan nuna. Dutsen da kansa an yanke shi kamar sabulu, an dasa dogayen gidajen baƙi a wurin. Ban yi kuka ba, sai ma wani ɗoki da ya kama ni na in ba da labarin nan tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Unguwarmu a jikin dutse take, gida bisa gida, kwano da katako da ɗan bulo, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Da asuba kiran salla zai taso daga Harami ya bugi duwatsu ya dawo, har ka rasa ta wane gefe ya fito. Yana ƙarewa sai ƙarar garewani, masu ga-ruwa suna sauka zuwa bazan, wurin ɗibar ruwa a gindin dutse, garwa biyu rataye a sanda ɗaya a kafaɗa, suna cewa hanya, hanya. Sai awaki su biyo matakala kamar su ne masu unguwar, sai tattabaru, sai turmi ya amsa wa turmi daga gidan Kanawa zuwa gidan Damagarawa. Aikinmu na 'yan mata duk a kan ruwa ya ƙare. Ruwan da aka wanke shinkafa na akuya ne, ruwan wanki na wanke tsakar gida ne, ruwan ɗauraye kwano kuwa sai ya yi aiki biyu kafin ya taɓa ƙasa. Inna takan ce wanda ya zubar da ruwa a kan dutsen nan gumin ubansa ya zubar, kuma a gidanmu maganar ba karin magana ba ce, don Baba mai ga-ruwa ne. Yanzu ina jin famfo na zuba a banɗaki yaro na can yana danna waya, sai in ji abin har cikin haƙorina.

Baba manomi ne da aka raba shi da gona. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya zo Hajji ya zauna, amma hannunsa bai taɓa daina ƙaiƙayin ƙasa ba. Wata shekara ya samu aikin lambu na 'yan watanni a Ɗa'ifa, da ya dawo sai ga shi da wata sanda naɗe a jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe da ita kamar jariri. Inna ta dube shi ta dubi sandar ta ce, "Malam, mazan mutane na dawowa da tsaraba, kai tsumagiya ka kawo mana?" Ya yi murmushi. Ya yi kwanaki yana fasa dutse a kusurwar tsakar gida har ya yi rami, ya dinga hawo da ƙasa daga kwari a cikin garewanin nasa, ya haɗa da kashin awaki, ya soka sandar. Maƙwabta suka yi ta leƙe ta katanga suna tambayar ko gero za a shuka bana. Sannan ya kafa doka guda: duk mai alwala a gidan nan, a gindin sandar zai yi. Ko baƙo ne ya zo, buta za a miƙa masa a nuna masa kusurwa. Haka sandar ta sha ruwan alwalarmu sau biyar a yini har ta yi ganye, ta yi rassa, ta wuce tsawona. Shekarar da ta fara fure, jan fure kamar garwashi, mutane har daga ƙasan dutse suka hawo kallo. 'Ya'yan rumman biyu ta riƙe. Baba ya fasa ɗaya ya raba wa gidaje ƙwaya-ƙwaya a tafin hannu, bakinsa har kunne. Ni da aka haifa a inda ko ciyawa ba ta fitowa, wannan ne itace na farko da na sani, kuma ina jin ko Sarki bai kai mu arziki ba.

Baba ba shi da igama, takardar izinin zama, kamar yawancin iyayenmu. Wata safiya ya sauka bazan aka yi kamen marasa takarda, sai garewaninsa da sandarsa wani maƙwabci ya hawo mana da su. Aka ce an mayar da su gida. Daga nan shiru, duk alhajin da ya zo daga wajen Kano sai mun tare shi da tambaya, ba wanda ya gan shi. Inna kuwa, matar da take toya waina a gindin matakala, wadda in ta yi dariya ana ji a gida na uku, sai ta kife tanda ta shige ɗaki. Ba ta kwanta ciwo ba, tana salla, tana cin loma biyu in an matsa mata, amma magana sai da dalili. Alwala ma a bakin ƙofa take yi a cikin tasa, ta juya wa kusurwar nan baya. Ni kaɗai na rage mai tsugunawa a gindin rumman, na kuwa riƙe shi da hannu biyu, har alwalar da ba ta karye ba sai in sake.

Sai ga wani sanyi da ban taɓa jin irinsa ba, iska ta dinga busowa ta tsakanin kwanuka tana fito. Ganyen rumman ya yi rawaya, ya fara zuba. Ina tsincewa ina ɓoyewa don kada a gani, kamar hakan zai hana wani abu. Kafin wata ya mutu itacen ya koma sandunan da ba ko ɗigon kore a jikinsu. Kawu, yayan Inna, shi ya ɗauki cin gidanmu a kan nasa tun tafiyar Baba, kuma Allah ya sani nauyin ya yi masa yawa. Mutum ne mai kaushin murya da gajen haƙuri, kullum goshi a tamke. Ya zo ya tsaya a kan itacen, ya auna kusurwar da ƙafarsa, ya ce za a sare a kafa ɗakin katako a ba alhazai haya in Hajji ya zo, ko gidan ya samu abin sawa a baki.

Ni dama baki ne da ni tun ina ƙarama. Na ce, "Kawu, ai itacen Harami ba a sare shi. Haramun ne."

Ya ce, "To, sannu malama. Na riga ki tambaya. Wanda ya fito da kansa shi aka hana. Wannan ubanki ne ya dasa da hannunsa, ga shi kuma ya mutu. Halas."

Kalmar mutuwar nan ta sauka a tsakar gida, na waiwaya na ga labulen ɗakin Inna ya motsa. Sai muka ji murya daga kan katanga. Maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa mutuniyar Yaman da muke kira Hala, mai sayar da kayan ƙamshi, kullum da reshen raihan, ganyen nan mai ƙamshi, soke a gefen ɗankwalinta. Zama da mu ya sa ta iya Hausa, irin wadda namiji kan koma mace a cikinta.

Ta ce, "Ya Hajji, shuwayya, shuwayya, a hankali. Itacen nan ba ta mutu ba, barci take. A dutsenmu na Yaman duk rumman haka take yi in sanyi ya zo."

Kawu ya ce, "Hala, nan ba Yaman ba ne, kuma barci ba ya cika tukunya."

"Ɗayyib. Ka ba ta zuwa watan nan mai kamawa ya cika. Sha biyar ga wata. Don Allah, ya Hajji."

Ya yi tsaki, ya ce dama katakon bai iso ba. Washegarin sha biyar ga wata zai zo da gatari, kuma kada wanda ya ƙara yi masa magana.

Yana fita na haura katanga na dira gidan Hala, na ce me ya sa sha biyar? Ta zaunar da ni tana tsince habbatus sauda a faranti, ta ce lokacin tana yarinya a ƙauyensu akwai Yahudawa maƙeran azurfa, katangarsu ɗaya, kuma babbar ƙawarta 'yarsu ce. Sun daɗe da tashi, ba ta san inda ƙawar ta ƙare ba. Ta ce in sanyi ya kai tsakiya, wata ya cika, suna da wata rana da suke kira sabuwar shekarar itatuwa. Na ce itace ma da sabuwar shekara? Ta ce ita ma haka ta tambaya, sai kakan ƙawar, tsoho mai yawan karatu, ya gaya musu cewa duk ruwan da sama ta zubar ƙasa ta gama shanye shi, to a ranar ne yake fara tashi daga saiwa ya bi cikin itace, kuma a ranar Ubangiji yake yanka wa kowane itace rabonsa na shekara. Masu zurfin ilimin cikinsu kuma suna cewa duniyar nan duka kamar itace guda ce wadda saiwarta ke sama, rahamar Allah na gangarowa ta cikinta zuwa kowane reshe, mutum ma reshe ne. Shi ya sa suke jera 'ya'yan itace a tire su ci da godiya, wai godiyar mutum tana buɗe wa ruwan nan hanya. Ta yi bayani da yawa, amma ni kunnena abu ɗaya ya ɗauka, cewa ran sha biyar ga wata itatuwa suke farkawa. Na ce, "Hala, mu ma mu yi tiren!" Ta yi dariya har raihan ɗinta ya faɗi, ta ce yalla.

Wayyo ɗoki! Na riga malam masallaci. Kafin la'asar na bi unguwa gida-gida na shaida wa kowa cewa ran sha biyar ga wata rumman ɗin Baba zai fitar da ganye, duk mai son gani ya zo da ɗan itace a hannunsa. Ban yi barcin kirki ba a kwanakin nan, kullum magariba ina kan rufi ina auna wata da ido, ina jin haushin yadda yake ƙin cika. Na sauka halaga, lokacin tana kusa da mu, na yi ta zagaya dillalai ina zuba musu surutu har wannan ya ba ni lemo mai tabo, wancan ya ba ni guntun inabi. Wata hajiya sabuwar zuwa ta kwance ƙullinta ta ba ni goriba da aduwa da tsamiya, tsarabar gida da ta yi ta ɓoyo. Gwaggo, matar limamin unguwa, ita ce ta tare ni a matakala ta kama kunnena.

Ta ce, "Ke, me nake ji? Bikin Yahudawa a garin Ɗakin Allah?"

Na ja ta har wurin Hala. Hala ta ce, "Ya ukhti, ba sallarsu za mu yi ba, ni ban ma iya ta ba. Dabino za mu ci da bismilla mu ce alhamdu lillahi. Rumman da ɓaure da inabi, wa ya halitta? Ba a cikin Littafinmu suke ba?" Gwaggo ta ce za ta zo ta gani da idonta, in ta ga abin da bai dace ba ita za ta kife tiren. Ranar kuwa ita ta riga kowa zuwa, da ɓaure busasshe cike da gefen mayafinta.

Bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika, mata da yara har kan katanga. Hala ta sa babban tire a gindin itacen ta ce kashi uku za a yi. Masu ɓawo a waje da daɗi a ciki gefe guda, masu taushi a waje da ƙwallo a ciki gefe guda, sai waɗanda ake cinyewa duka ba a yar da komai. Nan fa gardama ta kaure. Wata ta kawo gyaɗa, Hala ta ce gyaɗa ba 'yar itace ba ce, matar ta ce ai kuwa ba za ta koma da ita ba. Aka sa lemo da kwakwa da rumman ɗin kasuwa a kashin farko, dabino da magarya da goriba da aduwa a na biyu, ɓaure da inabi da zabibi a na uku. Tsamiya ce ta gagari kowa, ga ɓawo ga ƙwallo, har wata Badamagariya ta ce a ajiye ta gaban Gwaggo, tunda halinsu ɗaya, waje ɓawo, ciki ƙwallo, tsakiya tsami. Gwaggo ta kai mata duka da mafici, aka kwashe da dariya.

Hala ta ce ai maganar ke nan, kakan ƙawarta ta yarinta ya ce mutane ma haka suke. Akwai mai ɓawo, sai ka yi haƙuri ka fasa kafin ka kai ga alherinsa. Akwai mai daɗin baki da fuska amma can ciki akwai wani tauri da bai narke ba. Akwai kuma wanda ko ta ina ka taɓa shi alheri ne, su ba su da yawa. Ta ce suna cewa a cikin kowane ɗan itace akwai ɗan haske da Allah ya ɓoye tun farkon halitta, in mutum ya ci da sunan Allah da natsuwa sai hasken ya kuɓuta ya koma inda ya fito, in ya lamushe kamar akuya sai ya bar shi a ɗaure. Yaran da suka cika baki da dabino suka tsaya cak, suka shiga tauna a hankali suna zare ido. Kawu ya shigo daidai lokacin da fuskarsa ta kullum, sai wata tsohuwa ta miƙa masa kwakwa ta ce, "Alhaji, ga ɗan'uwanka." Wallahi sai da gefen bakinsa ya motsa. Abin sha kuma, Hala ta ce maƙwabtan nan nasu na ƙauye daga fari suke farawa su ƙare da ja, to mu zoɓo muke da shi. Ta zuba mana farin ruwa a kofi ta ce wannan sanyi ne, itace na barci. Ta ɗiga zoɓo kaɗan ya yi ja-ja, ta ce ruwa ya fara tashi. Haka ta yi ta ƙarawa muna kurɓa har ya zama ja wur, ta ce 'ya'ya sun nuna. Ni dai rabin hankalina na kan rassa, ina jiran in ga sun fashe da ganye a gaban kowa.

Mata biyu suka shiga suka fito da Inna, kusan da ƙarfi, suka zaunar da ita a bakin tabarma. An miƙa mata dabino ta girgiza kai. Idonta ya tsaya a wani gefen tire da Hala ta bari fili ba komai, sai ta buɗe baki.

Ta ce, "Nan fa? An manta ne?"

Hala ta ce, "La, ba a manta ba. Akwai kashi na huɗu, shi ba shi da ɗan itace. Ba a ganinsa, ba a kama shi da hannu. Sai dai ƙamshi." Ta zare raihan daga ɗankwalinta ta miƙa mata. Inna ta karɓa ta kai hanci, ta daɗe a haka, hawaye na bin kuncinta, ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki ɓaure guda ta ce bismilla. Ana haka aka kira magariba, wata ya leƙo ta bayan dutse cikakke, taro ya watse. Itacen nan kuwa ko gezau.

Na ce wataƙila sai da safe. Gari na wayewa na fito da gudu, na bi rassan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sanduna ne kamar jiya. Yaran da na yi wa alkawari sun jeru a katanga, wani ya ce wai ina ganyen? Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka rufe ni. Na juya kan Hala da ta leƙo, na manta da girmanta.

Na ce, "Kin ce zai farka! Kin sa na tara mutane!"

Ta ce, "Ya binti, na ce ruwa za ta fara tashi. Ban ce za ki gani ba. In da ana gani, me za a yi wa biki?"

Ban gane ba, ban ma so in gane ba, don ga Kawu ya shigo da gatari a kafaɗa. Bai yi fara'a ba, bai kuma yi gatse ba, ya ce min in matsa, alkawari ya cika. Na rungume itacen ina ihu, ya ɓamɓare ni da hannu ɗaya ya ajiye gefe kamar 'yar kyanwa. Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafi. Sai labule ya ɗaga, Inna ta fito da buta a hannu. Ba ta kalli kowa ba. Ta ratsa tsakar gida ta tsuguna a gindin rumman, daidai inda gatarin zai sauka, ta naɗe hannun riga ta fara alwalar walaha. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba. Kowace gaɓa sau uku, a natse, ruwan na gangarowa ta gwiwar hannunta yana shiga ƙasar da Baba ya hawo da ita. Kawu na tsaye da gatari, ba damar sara a kan mai alwala, ba damar magana. Da ta wanke ƙafa ta juye ragowar butar a gindin, ta miƙe.

Ta ce, "Yaya, ka mayar da katakon. Gobe zan ɗora tanda."

Ya ce, "Waina za ta riƙe gidan nan?"

"Da me ya riƙe shi?"

Ya dube ta, ya dubi itacen, ya ce, "In ya bushe fa?"

Ta ce, "In ya bushe na samu itacen tuya. Amma ba yau ba."

Kawu ya sauke gatarin. Ya fita yana faɗa shi kaɗai, wai mata sun haɗa masa kai da 'yar Yaman. Da yamma sai ga shi da buhun shinkafar waina a ka, ya dire a bakin ƙofa ya juya. Washegari tun kafin masu ga-ruwa su sauka na ji ƙamshin mai da albasa, na ji Inna na yi wa wani mai saye tsiya a gindin matakala, muryarta har gida na uku. Na kwanta a tabarma ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Baba bai dawo ba. Bayan shekaru labari ya iso cewa ya rasu a ƙauyensu yana ta haɗa guzurin komowa, Allah ya jiƙansa. Tiren kuwa mun ci gaba da yi ko bayan Hala ta rasu, sai dai mun yi wauta irin tamu. Mun riƙe sunan watan Musulunci da abin ya faɗo a ciki a shekarar farko, shi kuwa watanmu yawo yake, sai ga mu wata shekara muna bikin tsakiyar sanyi gumi na zuba, itacen na tsaye da 'ya'ya niƙi-niƙi yana kallonmu. Sai da wani tsoho ɗan Yaman ya yi mana dariya ya ce sanyi ake bi, sannan muka gyara. Yau in na jera wa jikokina tire sukan ci don su faranta min, rabinsu ba sa jin Hausar da nake bayani da ita, ni kuma ba na fasawa.

Amma bari in koma waccan shekarar. Bayan maganar gatari kwanaki suka yi ta wucewa itacen na nan a sandunansa, har na daina dubawa don kada zuciyata ta fashe. Wata safiya na tsuguna alwala, na ɗaga kai zan shafi fuska, sai na ga wasu jajayen ɗigo a jikin reshe, ƙanana kamar kan allura. Na zaci ƙwari ne suka zo ƙarasa shi, don ni a sanina ganye kore ne. Na kai farce zan kankare, sai na ga abin a naɗe yake, da ɗan tsini, yana sheƙi. Na duba reshe na gaba, ga su. Na sama, ga su, itacen duka ya feso. Na yar da buta, alwalar ma ban ƙarasa ba, na bi matakala da gudu ba takalmi ba ɗankwali, ina tsallake awaki, ina ihu, "Inna! Inna! Ya farka! Wallahi ya farka!" Masu ga-ruwa na ba ni hanya, mata na leƙowa ko gobara ce.

Na same ta a gaban tanda, mutane sun kewaye ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta juya waina ta ce, "Na sani. Tun shekaranjiya na gani."

Na tsaya ina haki. Na ce, "Kika ƙi gaya min?"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, "Ke kika shayar da shi lokacin da na kasa. Na bar miki ne ki zo ki yi min albishir." Ta tsamo waina mafi girma ta ɗora min a tafi da zafinta, ta ce, "Ungo goronki. Koma ki ƙarasa alwalarki a gindinsa."